Taron da Robar Murfin Inji Ke Haɗawa

Duk tsohuwar mota, ko Golf 3 ce, ko 406, ko Corolla irin ta da, akwai ranar da za ta fara zubar da baƙin mai ta saman inji. Tsakanin murfin sama da top silinda akwai wata siririyar roba, gaskit, wadda zafi ke gasawa shekara da shekaru har ta bushe ta tsattsage. Canza ta aikin awa ɗaya ne ko biyu ga wanda ya iya. Sai dai mutanen da ke taruwa a kanta sun fi aikin yawa.

Akwai mai motar da bai yarda akwai matsala ba. Ka nuna masa baƙin tabo a inda yake ajiye mota, ya ce na maƙwabci ne. Mai na ɗiga a kan bututun hayaƙi, ƙauri na shigowa har kujerar baya, uwargida na toshe hanci da gefen hijabi, shi kuwa cewa yake, "Inji ne fa, dole ya yi zufa." Galan ɗin baƙin mai ba ya barin but ɗinsa. Ba ya tuna hanyar gareji sai ranar da man ya cika ramin fulogi, mota ta kama tari da karkarwa a tsakiyar cunkoso.

A gareji kuma wanda ya fara tarbarsa shi ne Sarkin Gam. "Alhaji, riƙe kuɗinka, ba sai an sayi sabuwa ba." Ya ciro tsohuwar robar, ya goge ta a jikin wandonsa, ya matse mata jan gam tun daga kai har wutsiya, ya ƙara wani a kan murfin, ya shafe da yatsa. Da ya ɗaure, gam ya tsatso ta waje, sai ya ja da baya yana kallon aikinsa cike da alfahari. Abin da ba ya faɗa shi ne, yadda ya tsatso ta waje haka ya tsatso ta ciki. Wannan na cikin zai bushe ya ɓantare, ya bi mai zuwa ƙasan inji, ya toshe ragar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. Wata rana jar fitilar mai ta kama, inji ya buga, Sarkin Gam ya girgiza kai ya ce, "Ikon Allah, motocin nan ba su da alƙawari." Alhali gam ɗin da aikin ke so ɗan ɗigo ne kamar ƙwayar wake, a kusurwoyin da ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, shi ke nan.

Yaronsa kuwa ƙarfi ne ya yi masa yawa. Notin da ke riƙe murfin ƙanana ne, galibi lamba 10, kuma ɗaurin da suke buƙata a yawancin motoci wajen Newton-mita 10 ne, abin da wuyan hannu kaɗai zai yi. Shi sai ya zura bututu a sifana ya dafe da ƙafa. Ko murfin ya lanƙwashe ya ci gaba da yoyo fiye da da, ko a ji ƙas! Gareji ya yi tsit. "Oga, da ma can ya gaji."

Kada mai mota ya kuskura ya faɗa hannun Mai Sauke Inji. Wannan ko bonet bai gama buɗewa ba zai ja dogon tsaki ya ce, "Gaskit ya ƙone, sai an ɗaga top." Ya san sarai gaskit ɗin top silinda daban, na murfi daban, ya kuma san Alhaji bai sani ba.

In an aika sayo robar, a Ƙofar Ruwa ne a Kano ko Panteka a Kaduna, nan ma akwai mai jira. "Ranka ya daɗe, mai kyau kake so ko mai kyau sosai?" Kwali uku, farashi uku. In ka yi jinkiri ya rage murya ya ce yana da Beljiyam, wato robar da aka ɓamɓaro daga injin da ya gama aikinsa a Turai, ta girmi yaron shagon.

Sabon shiga cikin taron shi ne mai motar da ya kwana kallon YouTube. Yana tsaye a kan makanike da waya a hannu, yana cewa Baturen bai yi haka ba. Abin haushin, sau da yawa shi ke da gaskiya. Ranar da ya ce zai yi da kansa a gida kuwa, soket lamba 10 ta sulale cikin inji, har magariba yana kwance a ƙarƙashin mota da tocila. A kan benci kuma ga ɗan kallo, ko keke bai taɓa mallaka ba, yana ba da labarin 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, wadda a cewarsa ko ɗigo ba ta taɓa yi ba.

Can gefe akwai dattijon da ba ya yawan magana. Ya bar inji ya huce. Ya kankare tsohuwar robar tas, ya wanke wurin da fetur, ya canza har da robobin ramin fulogi. Ya ɗaura noti daga tsakiya zuwa gefe, wannan ɓangare sannan wancan, kaɗan-kaɗan. Sannan ya ciro ɗan bawul ɗin da inji ke numfashi ta cikinsa, ya girgiza shi a kunne, don in ya toshe, iskar da ta taru a ciki za ta sake turo mai ko da robar sabuwa ce fil. Da ya faɗi kuɗin aiki sai Alhaji, wanda ya biya Sarkin Gam sau biyu ba gardama, ya zaro ido.

"Haba Baba! Ko zufa fa ba ka yi ba."