Wa Ya Biyo Ka, Alhaji?

Ku 'yan majalisar mai shayi na Rikkos, labarinku ya iso ni. Wai duk wanda ya gifta da sassarfa bayan sallar asuba sai ku bi shi da "Wa ya biyo ka, Alhaji?" Hujjarku kuma guda ce: wane ya gwada gudu ranar Asabar, ranar Litinin sai ga shi yana sallah a zaune. Na yarda kun gani da idonku. To amma kun tambaye shi yadda ya yi gudun?

Bari in faɗa muku. Mutumin da rabonsa da gudu tun yana firamare ya sayi kambas, ya fito cikin sanyin hunturun Jos, jiki a sandare, ya falla da gudu kamar an ce kasuwar 'Yan Shanu ta watse. Ya hau tudu yana haki, da ya juyo gangara daɗi ya kwashe shi ya ƙara wuta. A gangarar nan aka kama shi. Wajen saukowa tsokar cinya ce ke taka wa jiki birki, tana miƙewa tana riƙe nauyi a lokaci guda, sai zarurrukanta su yi 'yan ƙananan tsagewa. Tsamin ba ya zuwa a ranar. Yana tsananta ne tsakanin awa 24 zuwa 72. Wani masanin kimiyyar jiki ɗan Amurka, Theodore Hough, ya bayyana wannan tun 1902, ku kuma har yau kuna cewa iska ce ta buge shi.

Na san mai gardamar cikinku zai ce, "Ai da ya yi miƙe-miƙe kafin ya fara." Malam, zauna. An tattara bincike a kan haka a 2011, aka ga tsayawa ana jan ƙafa kafin gudu ko bayansa kusan ba ya rage tsamin jiki da komai. Abin da jiki ke so shi ne ɗumi: tafiya da sauri ta minti biyar zuwa goma, ɗan ɗaga gwiwa, ɗan wurga ƙafa gaba da baya, har ka ji zip ɗin rigar sanyi ya dame ka. Daga nan sassarfar minti ɗaya, tafiyar minti biyu, a maimaita har minti ashirin. In ba ka iya amsa gaisuwa kana gudun, ka yi sauri da yawa, kuma a Rikkos ba za ka rasa mai gaishe ka ba. Gobe hutu. A makonnin farko, gangara a sauko ta da tafiya.

"Gudu da tafiya? Ai wannan wasan yara ne." Haba Alhaji, kai da ke hawa Keke Napep daga nan zuwa bakin titi?

In an gama kada a zube a benci. A taka a hankali na minti biyar, a sha ruwa, sannan a zo wurinku, domin ƙosai da ƙwai da madara su ne kayan gyaran tsoka. A nan kam majalisarku ta yi rana. Ruwan ɗumi da man zafi suna sanyaya rai, ban hana ba, sai dai ba su ne ke ɗinke tsokar ba. Barci da lokaci ke yi. Abin da ba ku sani ba kuma, jiki na koyon darasi: gudun da ya tsamama shi yau, in ya maimaita shi mako mai zuwa tsamin ba zai kai rabin labari ba. Wanda ya jefa kambas ƙarƙashin gado sai bayan wata uku, shi ne kullum ke biyan kuɗin shiga.

Nan zan ajiye wasa. Kada a bi ta kemis a haɗiyi ibuprofen ko diclofenac don a fita gudu. Ga gumi ga ƙarancin ruwa, ƙoda ce ke shan wahala. Tsamin tsoka yana sauka cikin 'yan kwanaki. Ciwo mai suka a gwiwa ko idon sawu, kumburi, ciwon ƙirji, ko fitsari ya koma kalar shayin da ba madara, wannan na asibiti ne, yau ba gobe ba. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ga likita kafin ya fara.

Kuna zaune a garin da ke sama da mita 1,200 daga doron teku, tudun da 'ya'yansa suka sha zama na gaba cikin 'yan Najeriya a tseren dogon zango na Legas tun da aka fara shi a 2016. Ba wanda ya ce ku bi su. Asabar mai zuwa ku taso a taka zuwa hanyar Lamingo tare. Wanda ya dawo yana ɗingishi, shayinsa na wuyana.