'Yan Turbo: Kowa Da Kalar Haukansa

Tseren miƙaƙƙen layi ba shi da kwana, ba shi da zagaye. Mota biyu ne, kwatan mil, wato mita 402, wanda ya riga isa shi ya ci. A Amurka ya yi ƙarfi, inda Wally Parks ya kafa hukumar NHRA a 1951 don a raba samari da tsere a titunan gari, daga baya ya kai filin Santa Pod na Ingila da ƙasashen Larabawa irin su Bahrain da Katar. Abin da ake gamawa cikin daƙiƙa goma, sai ya cinye wa magidanci shekara goma da kuɗin gina gida. Ita kuwa turbo aikinta ɗaya: hayaƙin da inji ya fitar shi ke juya wata 'yar farfela, ita kuma ta riƙa ɗura wa injin iska. Iska ta yawaita, a ƙara mai, ƙarfi ya ƙaru. Daga nan halin kowa ke fitowa fili.

Babbansu shi ne Ƙara-Kaɗan. Wannan bawan Allah bai taɓa ganin matsin iskar da ya ishe shi ba. Makanike ya ce masa injin nan iyakarsa ke nan, sai ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗan ƙara kaɗan, ni na san motata." Ba ruwansa da cewa iska mai yawa tana son mai mai yawa kuma mai jure zafi, da na'urar sanyaya iskar, da fistan ƙirar musamman. In ɗaya ya gaza, man ya kama da wuta ba a kan ƙa'ida ba, fistan ya narke, inji ya buga. Za ka gan shi tsakiyar fili tsaye kan baƙin mai, hannu a ƙugu, ma'aikata na goge hanya, sauran 'yan tsere na zaginsa a zuci. Kafin a gama turo motar ya gano mai laifi: turbon ce ta yi ƙanƙanta. Mafi girma zai saya.

Amininsa Mai-Takarda ya fi shi wayo, don shi ba ya fasa inji. Ya kai motarsa kan na'urar auna ƙarfi, an buga masa takarda mai cewa ƙarfin doki 900, ya sa an lulluɓe ta da leda. Toyota Supra ce yawanci, mai injin 2JZ, silinda shida, gangar jiki ta baƙin ƙarfe, wadda ta fito a Amurka a 1993 da ƙarfin doki kusan 320, masu gyara kuma ke tatsar dubu daga cikinta. Ko gaisuwa ka yi masa, takardar zai zaro. Ranar da aka matsa masa ya hau layi, tayoyi suka yi ta wulwulawa wuri ɗaya suna hayaƙi, wata 'yar Honda Civic mai rabin ƙarfinsa ta wuce abinta. Ashe dawakin nan 900 babu mai kofato a cikinsu. Masana harkar, in an miƙo musu sakamako, lokacin ƙafa 60 na farko suke fara dubawa, don a nan ake gane wanda tayarsa ta kama ƙasa.

Sai Mako-Mai-Zuwa. Motarsa na kan jak tun yaransa na rarrafe, yanzu sun shiga sakandare. Kullum abu ɗaya ya rage. Kwalaye na isowa gida, shi kuma yana rantse wa uwargida cewa gwanjo ya samu.

Shi kuwa Ɗan-Ado bai taɓa buɗe inji ba. Sitika ce tun daga gaba har baya, da salansa mai faɗin tukunya, da bawul ɗin da ke yin "fiiish" duk sanda ya ɗaga ƙafa daga totur. Dokar NHRA ta ce motar da ta kai gudun mil 150 a awa sai ta ɗaura laimar tsayawa a baya. Tasa daƙiƙa 15 take yi da kyar, amma laimar na nan ɗaure, ko sau ɗaya ba ta ga rana ba.

Mai-Garaje ma abin tausayi ne. Fitilun tashi ruwan ɗorawa uku ne sannan kore. Shi kore ta yi masa nisa. Ya fizga tun ba ta kama ba, ja ta haska, ya faɗi tun bai yi taku ɗaya ba. Ya dawo yana cewa na'urar ce ta lalace. Ɗan'uwansa Mai-Uzuri kuwa ko malamin duba bai kai shi dalilai ba: yau zafi ya hana turbo numfashi, jiya sanyi ya hana taya kama ƙasa, shekaranjiya kuloci ne.

Can gefe kuma akwai wani dattijo da tsohuwar mota mai koɗaɗɗen fenti. Ba ya musu da kowa. Ya duba iskar taya, ya leƙa kwamfutarsa, ya rubuta wani abu a ɗan littafi, ya canza abu ɗaya tak kafin kowane gudu. In ka tambaye shi ƙarfin injinsa, ya ce, "Tana dai tafiya." Shi nake so a cikinsu, ko da yake hira da shi ba daɗi.

Sai dai in riba ake magana, duk ba su ba ne. Mai janwe ne, wanda ke fakawa bakin ƙofa tun safe da kofin shayinsa, ya kuma san lambar wayar Ƙara-Kaɗan a ka.