Ranar da Maigadi Ya Kama Ni da Littafina

Hajiyar da ke kula da ɗakin karatun garinmu ta aiko mini cewa za su yi kwalema, suna neman mai taya su tantance littattafai. Na saɓa babbar riga na tafi, don a ganina aikin manyan malamai ne.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Littafin da gara ta ci, kwali. Wanda bayaninsa ya tsufa, kwali. Wanda aka duba takardar da ke manne a bangonsa aka ga shekara goma ba a buga masa hatimin aro ba, shi ma kwali. "Kantocin nan ba sa haihuwa, Malam," in ji Hajiya, "ga sababbin littattafai can ɗaure a sito, ba inda za mu jera su."

Na kama aiki ba sani ba sabo. Na ciro wani littafin labarin ƙasa da ya dage jihohin Nijeriya 19 ne, kuma Legas ce babban birni, alhali an koma Abuja tun 1991, jihohi sun kai 36 tun 1996. Kwali. Na sami na lissafi da ke tambayar yara canjin fam da sule, kuɗin da naira ta kora a 1973. Kwali. Wani na kimiyya yana nan yana lissafa Pluto cikin manyan duniyoyi tara, bai ji an sauke ta daga muƙamin a 2006 ba. Har wa'azi na tsaya yi wa yaran da ke taya mu, cewa tsohon bayani a hannun ɗalibi ya fi rashin littafi illa, kuma tausayi ba shi da wuri a wannan aiki.

Ina cikin wa'azin nan sai idona ya faɗa kan wani siririn littafi mai koren bango a kwalin wani yaro. Diwanin waƙoƙina ne, wanda na buga da kuɗin adashen uwargida, na kawo kyauta da hannuna. Na buɗe bangon. Takardar aro fes take, ko ƙuda bai sauka a kanta ba.

Da yaron ya juya baya, na mayar da shi kanta, na cusa shi tsakanin Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja, ko albarkacin Abubakar Imam ya sha. Kafin la'asar ya koma kwali. Na ce to bari in are shi, ya sami hatimi ko guda. Aka duba rajista, aka ce katina ya mutu, sai na kawo hoto biyu, kuma mai sabuntawa ya tafi hutu.

Nan fa Shaiɗan ya tuna mini amfanin babbar riga.

Na kusa fita ke nan, Baba maigadi ya tare ni da sanda. "Malam, cikinka ya yi kusurwa." Na ce ciwo ne. Ya ce shekara da shekaru yana gadi, bai taɓa ganin ciwo mai bango ba. Jama'a suka taru, har da yaran da na yi wa wa'azi. Na ce littafina ne. Baba ya ce duk wanda ya kama haka yake faɗa. Na nuna masa hotona a bayan littafin, ya dubi saurayin da ke ciki mai cikakkiyar suma, ya dubi sanƙona, ya ƙara riƙe rigata da kyau.

Hajiya ce ta fito ta raba mu. Ta karɓi littafin, ta buga masa jan hatimin "an cire", hatiminsa na farko a duniya, ta miƙo mini.

"Ai da ka yi magana, Malam. Ɗan jira, akwai sauran kwafi huɗu. Ka zo da leda?"