Bazazzagi Ya Kai Bayansa Amurka

Bazazzagi, bawan Kanawa, barka da sauka. Labarin dawowarka ya riga ka isowa, domin mutumin Zariya ko Kaduna ya je ya dawo sai ya tara majalisa, balle wanda ɗansa ya kai shi Amurka har wata uku. Tsarabar da ka aiko mini ta iso lafiya: cakulan guda biyu da biro mai sunan otal a jikinsa. Na gode ƙwarai. Allah ya ƙara wa Zagezagi sakin hannu, ko da a mafarki ne.

Da biron nan naka nake rubuta maka wannan, saboda ƙorafin da ke zuwa mini daga Tudun Wada ya yi yawa. An ce yanzu a majalisarku ba wanda ya isa ya yi tari. Wanda ya yi, sai ka ce ƙashin bayansa ne ya goce. Mai hawan jini ƙashin baya, mai asma ƙashin baya, har jikanka mai fitsarin kwance ka ce a kawo maka shi ka laluba gadon bayansa. Duk don an kwantar da kai a wani benci mai katifa a can, wani Bature ya danna ka ka ji ƙas, ka tashi ka zaro daloli ka miƙa. Ni abin da ya fi ba ni mamaki a labarin ma shi ne miƙa kuɗin. Da na ji an ce ka biya ba ciniki, sai na tabbata ɗanka ne ya biya.

Sunan sana'ar ma an ce sai ka gyara zaman hula kafin ka faɗe shi: kairofiraktik. Kalmar Girkanci ce, ma'anarta aikin da aka yi da hannu. To, tunda kun ce ku ne masu boko, jami'a na garinku, bari ɗan kasuwar Kwari ya karanta maka asalin abin da ka je ka sayo.

Wanda ya ƙirƙiro ta sunansa Daniel David Palmer. A Kanada aka haife shi a 1845, ya ƙaura Amurka, ya taɓa koyarwa, ya taɓa sayar da kayan masarufi, daga baya ya koma warkar da mutane da abin da yake kira ƙarfin maganaɗisu na tafin hannunsa. A garin Davenport na jihar Ayowa, a watan Satumban 1895, ya ce ya gamu da mai sharar ginin da ofishinsa yake, wani Harvey Lillard, wanda ya shekara 17 kunnensa ba ya ji sosai. Palmer ya ce ya laluba bayansa ya ji wani ƙashi ya turo, ya danna shi ya koma, kunne ya buɗe. Daga nan sana'a ta samu. A 1897 ya buɗe makaranta a garin, tana nan har yau da sunansa. A 1906 kuma hukuma ta ɗaure shi saboda yin aikin likita ba lasisi. Na san wannan ɓangaren ba su rubuta shi a takardar da suka ba ka ba.

Tambayi kowane ɗalibin likitanci a asibitin Shika, zai gaya maka jijiyar ji daga kunne take shiga ƙwaƙwalwa kai tsaye, cikin ƙoƙon kai, ba ta da wata hulɗa da tsakiyar baya. Amma wannan bai hana Palmer cewa kashi 95 cikin 100 na cututtukan ɗan Adam daga gocewar ƙashin baya suke ba. Da aka zo batun inda ya samo ilimin, sai ya ce ruhin wani likita da ya daɗe da mutuwa, mai suna Jim Atkinson, shi ya sanar da shi. Malam, ka tsaya nan mu yi magana. Da wani ne a Sabon Gari ya ce mamaci ke zuwa yana koya masa magani, da kai ne na farkon cewa ɗan bori ne, ka tofar da yawu ka tsallaka titi. Amma da yake da Turanci aka faɗa, kuma ɗakin akwai na'urar sanyaya iska, sai ka cire takalmi ka kwanta rub da ciki.

Kashi 95 ɗin nan ma ai ba baƙo ba ne a kunnenmu. Je tasha ka tsaya kusa da motar mai lasifika: kwalba ɗaya, tana maganin basir, da shawara, da sanyin ƙashi, da taifot, da abin da ba a faɗa gaban yara. Shi ya ɗora komai a kan basir, naka ya ɗora komai a kan ƙashin baya. Bambancinsu shi ne na tasha ana yi masa tayi.

Yanzu ƙarar da ka ji. An ce kana kwatanta ta da baki, har kana rufe ido: ƙas, ƙas, ƙas, wai ƙasusuwa ne ke komawa mazauninsu. Ba ƙashin da ya koma ko'ina. A cikin gaɓa akwai wani ruwa mai yauƙi da ke hana ƙasusuwa gogar juna, idan aka ja gaɓar da sauri sai kumfar iska ta samu a cikinsa, ita ce ke yin ƙarar. Ita ce dai wadda kake ji idan ka ja yatsunka bayan ka tashi daga kwanon pate. Shi ya sa in ka ja yatsa ya yi ƙara, ba ya sake yi sai an jima. Wani likita a Kalifoniya, Donald Unger, ya shafe sama da shekara 50 yana jan yatsun hannunsa na hagu kullum, ya bar na dama, don ya gwada maganar da iyaye ke yi cewa hakan na kawo ciwon gaɓoɓi. Hannuwan biyu duk suka tsufa lafiya. A 2009 aka ba shi kyautar Ig Nobel, wadda ake bai wa binciken da ke sa dariya kafin ya sa tunani. Ina zargin mutumin nan yana da jinin Zazzau, don taurin kai irin wannan ba a ko'ina ake samunsa ba.

Kada ka ce na ƙi gaskiya don Bazazzagi ne ya zo da ita. Ka ce bayanka ya yi sauƙi, na kuma yarda. Ga ciwon baya na yau da kullum, matsar nan tana ɗan taimakawa, kusan daidai da yadda motsa jiki da tausa ke taimakawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a jagorar da ta fitar a Disambar 2023 kan ciwon ƙugu mai daɗewa, ta sa ta cikin abubuwan da za a iya gwadawa, tare da tausa da atisaye da wayar wa maras lafiya kai game da ciwonsa. Iyakarta ke nan. Ba ta sauke hawan jini, ba ta warkar da asma, ba ta hana yaro jiƙa tabarma. Duk wanda ka sa ya ajiye ƙwayar hawan jininsa saboda wa'azinka, alhakinsa na wuyanka.

Wuya kuwa, tunda na ambace shi, a nan zan ajiye wasa na minti ɗaya. An ce ka fara gwada hannunka a kan mutane, har ka murɗa wuyan wani mai shayi. Ka bari. Ƙasusuwan wuya guda 7 ne, daidai da na raƙumin dawa, kuma ta cikin ramukan gefensu wasu jijiyoyin jini ke bi su hau ƙwaƙwalwa. Murɗawa da ƙarfi na iya yaga bangon jijiyar, jini ya daskare, mutum ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai yake faruwa ba, amma ya faru a hannun waɗanda suka yi shekaru suna karatun abin, balle kai da ka koya daga kwance, fuskarka na cikin ramin katifa. Ko masu ɗorinmu, da suka gaji sana'ar kaka da kakanni, na kirkin cikinsu sun san inda hannunsu ya tsaya su ce a tafi asibiti.

To me ya warkar da kai? Na tambayi uwargidanka, ta kuwa ba ni labari tiryan-tiryan, don ta gaji da kai. A can ba ka da mota, ba ka da yaron aike, ba majalisa. Ɗanka da matarsa na fita aiki, su bar ka da jika. Kullum kai ne tura keken jariri zuwa filin shaƙatawa, ka dawo, ka hau bene, ka sauko. Abincinsu bai karɓe ka ba, tumbin ya sauka har ka ƙara huda a bel. Ƙarfe tara kowa ya kwanta, kai ma dole ka kwanta. Wata uku kana tafiya da ƙafa, kana barci, kana cin kaɗan, sai ka ɗauki ladan duka ka ba Baturen da ya danna ka na minti goma. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ka kuma sani yawancin ciwon baya, ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba, cikin mako shida yake lafawa. Kusan tara cikin goma ba a ma samun wata cuta takamaimai da za a nuna a ce ga ta. Duk maganin da mutum ya yi a makon da ciwon zai tafi, shi ke cin suna. Haka masu lasifika ke samun shaidu. Ba kuma kai kaɗai Allah ya jarraba ba, da za ka riƙa ba da labari kamar ka dawo daga yaƙi: ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya, kuma shi ne kan gaba wajen hana mutane aiki.

Ni ma ina cikinsu, kada ka ji a bakin wani ka yi mini dariya. Shekara uku da suka wuce na ga ɗan dako zai caje ni abin da raina bai so ba a kan dilar atamfa ɗaya, na ce ya matsa. Na sunkuya, gwiwa a miƙe, na ɗaga da ƙugu ina juyawa. Sai na ji kamar an soka mini almakashi. Eh, na sani, rowar Bakano. Faɗi ka huta. Na kwanta kwana goma ban motsa ba, na sayi ɗamarar nan ta roba na ɗaure ciki, ina haɗiyar ƙwayoyin kemis safe da yamma har cikina ya fara zafi kamar an zuba barkono. Likitan da na gani daga ƙarshe bai ko yi mini hoto ba. Ya ƙwanƙwasa gwiwata, ya ɗaga ƙafata, ya yi tambayoyi, sannan ya ce kwanciyar ce ke ƙara mini ciwo. Ya ce in kwance ɗamarar, in tashi in riƙa takawa, in zan ɗauki kaya in durƙusa in manna shi da ƙirjina, in kuma daina zama a kan walat. Wannan shawara ta ƙarshe ba ta shafe ka ba, naka walat ɗin ko ka zauna a kansa shekara ba zai karkata maka ƙugu ba. Ɗamarar kuwa, ashe ita ma jagorar 2023 ɗin ta sa ta cikin abubuwan da ba ta ba da shawarar amfani da su ba. Kuɗina sun tafi a banza, abin da har yau ya fi ciwon yi mini zafi.

Tambayoyin da ya yi mini su ne ya kamata ka haddace, tunda ka naɗa kanka sarkin baya na Tudun Wada. Ƙafa tana mutuwa ko tana rasa ƙarfi? Fitsari ko bayan gida na kuɓucewa, ko fitsarin ya ƙi fita? Tsakanin cinyoyi ya dushe ba a jin taɓi? Akwai zazzaɓi, da gumin dare, da rama ba dalili? An faɗi ne ko an yi hatsari? Duk wanda ya ce eh ga ɗaya daga ciki, ba tausa ba ƙaho ba ƙas-ƙas, asibiti za a nufa a ranar. Tarin fuka ba huhu kaɗai yake ci ba, yana cin ƙashin baya har ya fito da doro, kuma a ƙasar nan ba baƙon abu ba ne. Irin wannan bayan in ka danna shi, ka gama da mai shi. Ga Shika a bayan gidanku. In kuma kuna son aikin ƙashi na sosai, ku zo asibitin Dala, mun saba karɓar bayinmu.

Abin da ya rage mai sauƙi ne, shi ya sa ba ka son sa, don ba shi da sunan Girkanci. Minti 150 na tafiya mai ɗan sauri a mako, abin da masana suka ce babba na buƙata ke nan, wato rabin awa sau biyar. Masallacin Juma'ar da kake kunna mota dominsa, da ƙafa bai kai haka ba. Benci ka riƙa tashi daga kansa kana miƙa, ko da gulmar ba ta ƙare ba. Wayar da kake duƙar da kai a kanta har tsakar dare kana tura wa mutane bidiyon masu matsa baya, ka ɗaga ta daidai ido, kan mutum ya kai kilo biyar, naka kuwa da yake cike da Turanci Allah kaɗai ya san nauyinsa. An ce tun da ka dawo belin ya koma ramin da ya baro, kuma ka fara dafa ƙugu in za ka tashi, kana cewa sai ka koma an sake saita ka. Ɗanka ya ji wannan, shi ya sa ya daina ɗaga waya.

Ranar Asabar ina tafe. Zan ajiye mota a Ƙofar Doka, ka same ni a can bayan sallar asuba da takalmin da ka sayo na tura keken jika, mu taka har Tudun Wada. In bayanka ya yi ƙara a hanya, kyauta ne. A gaya wa uwargida ta ɗora pate da zogale, kwano biyu nawa, naka rabi. Mai shayin nan kuma ka je ka ba shi haƙuri kafin in iso.