Laifin Yawan Gaisuwa

A Unguwar Tudu ba sai ka sayi fom ba kafin ka zama ɗan takara. Majalisar teburin mai shayi ita ce hukumar zaɓe: ita ke tantancewa, ita ke tsayar da kai, kai kuwa kana can gona kana noman gyaɗa, ba ka da labari.

Matakan a jere suke. Ka je ta'aziyya gida uku a yini guda, sai a ce, "Wane fa ya fara zumunci." Wannan gargaɗi ne. Ka gyara famfon unguwa da kuɗin aljihunka, a ce, "Akwai wata a ƙasa." Ranar da ka saka sabuwar babbar riga alhali ba Sallah ba, shi ke nan an yanke hukunci: "Yana hararar kujera." Wace kujera? Ta kansila ce ko ta kwamitin masallaci, oho, wannan ba ya cikin tuhuma.

Abin sha'awa, ba mai fitowa fili ya kira ka abokin hamayya. Wannan maganar gidan rediyo ce. Mai kujera cewa zai yi, "Ai ƙanena ne, a hannuna ya girma," kuma duk wanda ya san gari ya san an ja daga. In ya ƙara da "Yaron kirki ne, zuga shi ake yi," to kada ka wahalar da kanka zuwa wajen rabon taki, an riga an goge sunanka.

Ba za a ga laifinmu sosai ba, siyasar Kano ce ta yi mana karatu. Malam Aminu Kano da Abubakar Rimi tare suka shiga zaɓen 1979 a PRP, ba a jima ba gidan ya tsage, ga Taɓo ga Santsi. Ganduje sau biyu yana yi wa Kwankwaso mataimaki, a 1999 da 2011, kowa kuma ya ga yadda aka ƙare. A 2023 abin har ƙofar gidanmu ya zo: Aminu Abdussalam na Gwarzo yana takarar mataimakin gwamna a NNPP, Murtala Sule Garo na Kabo yana neman wannan kujerar a APC. Tun daga nan ko a sahun salla mutum sai ya ɗan saci kallon na damansa.

Cutar ta shiga har cikin gida. Budurwar maƙwabta ta durƙusa ta gaida maigida, sai uwargida ta yi murmushi: "'Yar nan akwai ladabi, Allah ya ba ta miji nagari, can Legas." Wani ya buɗe shago kusa da na Alhaji, Alhaji ya je har ƙofa ya sa albarka, "Kasuwa ai ta kowa ce," ya dawo ya rage farashin sukari.

Kada kuma ka ce za ka wanke kanka. In ka rantse cewa ba ka neman komai, majalisa za ta gyaɗa kai: "Kun ji ko? Haka duk suke farawa." In ka yi shiru, shiri kake a ƙarƙashin ƙasa. A ƙarshe haushi ya ishe ka, ka sayar da bijiminka ka sayi fom, ka sha kaye. Sai mai shayi ya miƙo maka kofi, bashi, ya juya ga jama'a: "Ba tun ranar famfo na faɗa muku ba?"