Jirgin Auta Mai Fiffike Hawa Biyu

Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jiragen sama uku na sojan Ingila suka sauka a filin dawakai na Kano. Daga Helwan ta ƙasar Masar suka taso, wani hafsa mai suna Arthur Coningham na jagorantarsu. Samfurin DH.9A ne, masu fiffike hawa biyu, ɗaya bisa ɗaya, an tokare tsakaninsu da sanduna an ɗaure da wayoyi, gangar jikin kuwa katako ne da yadi. Daga wannan sauka ake fara lissafin tarihin jirgin sama a Nijeriya. Shekaru kusan ɗari bayan haka hoton irin wannan jirgi ya faɗo cikin wayar autan gidanmu a Ruwan Godiya, kuma aljihuna ne ya ɗauki nauyin abin da ya biyo baya.

Auta dai tun yana yaro hannunsa ba ya zama. Ya yi motar kara, ya wuce zuwa ta langa-langa, daga nan ya kwance rediyon Baba don ya ga inda mai labarai yake zama. Yanzu yana da ɗan shago inda yake gyaran waya da tocila da fitilar sola, kuma duk garin Injiniya ake kiransa, in ban da Inna, wadda har gobe Auta take ce masa.

Da ya zo mini da maganar ƙera irin wannan jirgi, da hujjojinsa ya zo. Ya ce a 2007 wani ɗalibin kimiyya a Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, yana ɗan shekara 24, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota, har ya ɗaga kamar ƙafa bakwai daga ƙasa. Ya ce su kansu 'yan'uwan nan biyu na gidan Wright, da suka fara tashi a Amurka ranar 17 ga Disamba, 1903, daƙiƙa 12 kawai suka yi a sama, mita 37, kuma nasu ma mai fiffike hawa biyu ne.

"Yaya, masu gyaran keke ne fa," in ji shi. "Ni kuwa waya nake gyarawa."

Na rasa ta inda zan ɓullo wa wannan hujja. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne ba shiga zai yi ba. Daga ƙasa zai tuƙa da rimot. Faɗin fukafukan DH.9A na ainihi ya kai mita 14, shi kuma zai yi kashi ɗaya bisa bakwai, wato mita biyu. Na ce me zai hana ya yi ƙarami, wanda in ya faɗo a kan mutum za a iya sasantawa a gida? Ya ce ƙarami iska ke wasa da shi, babba ya fi natsuwa a sama. Wannan gaskiya ne. Abin da bai faɗa ba shi ne babba ya fi cin kuɗi, kuma ya fi tara 'yan kallo.

Masu wannan sana'a a ƙasashen waje da katakon balsa suke aiki, wani itace marar nauyi da akasari daga Ekwado ake kawo shi, ɗan'uwan rimi ne a dangin itatuwa. Auta ya maye gurbinsa da tukurwa, da farin soson nan da ake tokare sabon firij da shi cikin kwali, wanda ya bi shagunan Funtuwa yana roƙa. Wayoyin ƙafar keke suka zama abin ɗaure fukafukai. Abin da ba ya ƙeruwa a gida sai da aka yi saƙonsa daga Kano: injin lantarki, farfela, batir, rimot da na'urar da ke karɓar umarninsa, da wasu 'yan ƙananan injuna da ake kira sarbo, waɗanda ke jan leɓen fiffike da na wutsiya sama da ƙasa, hagu da dama.

A nan aka kafa kamfani. Ni na zuba kuɗin masara buhu biyu. Inna ta sayar da zabinta. Kawu bai ba da ko sisi ba, shawara ya zuba, kuma kafin mako ya zagayo ya zama shugaban kamfanin.

Shawararsa ta farko fenti. Ya ce jirgi fari fat ba shi da kwarjini, ya kawo wani abokinsa mai fesa wa babura fenti. Mutumin ya girgiza gwangwani ya fesa wa fiffiken sama kore, muna tsaye muna yabawa, sai fiffiken ya fara tsuma yana lotsawa yana ramuka. Sinadarin da ke cikin irin wannan fenti narkar da soson yake yi, yadda fetur ke narkar da shi. Mai fenti ya duba da kyau ya ce soson ne jabu. Auta ya koma Funtuwa roƙo. A karo na gaba sai da ya lulluɓe komai da takarda da farin gam na kafinta kafin fenti ya kusanto.

Gwajin inji a tsakar gida aka yi. Inna ta shanya garin tuwo a tabarma, don haka Auta, cikin ladabi, ya juya wutsiyar jirgin ta kalli bango, hancin ya kalli garin, tunda baya farfela ke tura iska. Kawu ya ja kujera ya zauna a bayan tabarmar. Injin irin wannan wayoyi uku gare shi, in aka musanya biyu daga ciki sai ya juya a baibai. An musanya. Auta ya ɗan taɓa sandar wuta, iska ta yi gaba, jirgin ya ja da baya, garin tuwo ya tashi gaba ɗaya ya sauka a kan shugaban kamfani, tun daga hula har takalmi.

Kawu ya tofar da gari ya ce, "Wanga jirgi dai yana da ƙarfi." Inna ba ta ce komai ba. Ranar da dare kowa ya san ra'ayinta, don fura aka sha.

Sai aka zo kan saiti, wanda shi ne ainihin aikin, ko da yake ba ya jan 'yan kallo. Dole fiffiken sama da na ƙasa su tafi a jere, kusurwarsu ta dace, in ba haka ba ɗaya na ɗagawa ɗaya na ja. Dole a tabbatar in an tura sanda dama, leɓen dama ne ke ɗagawa. Uwa uba ma'auni. Akwai wani gurbi a fiffike, kimanin kashi ɗaya bisa huɗu zuwa ɗaya bisa uku daga bakinsa na gaba, inda in aka tallafe jirgin da yatsu biyu zai tsaya daidai, ko hanci ya ɗan sunkuya kaɗan. In gaba ya yi nauyi, jirgi zai tashi da kasala amma zai ji magana. In baya ya yi nauyi, ba ya jin maganar kowa. Kuma saboda nisan wutsiya daga wannan gurbi, ɗan abu kaɗan a can sai an sa ninkinsa wajen uku a hanci kafin a rama. Auta ya kwana yana matsar da batir gaba da baya har jirgin ya zauna a yatsunsa cif. Ya yi hamdala, ya rufe ɗaki, ya manta Inna ma tana da makulli.

Akwai kuma batun izini. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa ta hana tashin jirgi marar matuƙi sai da amincewarta da ta ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Fatawar Auta ita ce abin da bai taɓa tashi ba ba a kira shi jirgi ba tukuna, in ya tashi sai a nemi takarda. Amma mutumin ƙasarmu ta Faskari ba ya buƙatar a karanta masa doka kafin ya san ba a wasa da baƙuwar ƙara a sama. Mutanen da suka ga an rufe kasuwanni, aka yanke layin waya a 2021 saboda matsalar tsaro, kunnensu a buɗe yake kwana. Don haka muka je wajen mai unguwa, aka kuma shaida wa 'yan sintiri.

"Mutum nawa yake ɗauka?" in ji mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, ba ya ɗaukar kowa."

"Kaya fa?"

"Ko kaya, ranka ya daɗe."

Ya yi shiru ya dubi Auta, ya dube ni. "To, Allah ya sa albarka. A yi nesa da rumbuna."

Aka sa ranar Juma'a bayan la'asar, an gama girbi, hunturu ya fara busawa daga gabas maso arewa. Filin ƙwallo ya cika: yara, masu babura, mai rake, mai ƙosai da kaskonta. Jirgin kuwa ya yi kyau, wannan ko maƙiyi ya shaida. Ana shirin farawa sai ga Kawu da wani ɗan allon ƙarfe da ya sa maƙeri ya buga masa, ɗauke da sunan kamfani, ya ɗaure shi a wutsiya da hannunsa. Auta ya buɗe baki, ya tuna ba a musu da kawu a gaban jama'a, ya rufe. Ni kuma, a matsayina na mai hannun jari mafi tsoka, na ɗaura wayata a bayan kujerar matuƙi da roba don a samu bidiyo daga sama. Waya ce 'yar siririya, ba ta da wani nauyin da za a yi magana a kai.

Aikina in riƙe wutsiya har inji ya ɗauki wuta sannan in saki. Na ji wutsiyar da ɗan nauyi, na ɗauka ƙarko ne.

Aka fuskantar da shi ga iska. Na saki. Ya yi gudu bai fi taku goma ba ya ɗaga, jama'a suka ɗauki kabbara. Kabbarar ba ta kai ƙarshe ba hancinsa ya miƙe sama kamar dokin da aka ja wa linzami a gaban sarki ranar hawan sallah. Ya tsaya cak a iska, ya karkata, ya sulalo, ya sake ɗaga hanci, sannan ya juyo ya nufo mu.

A nan wani sirrin tuƙi da rimot ya bayyana, wanda Auta ya sani a karatu amma yatsunsa ba su sani ba: in jirgi ya fuskanto ka, damarka ta zama hagunsa. Ya so ya kauce wa mai ƙosai, sai ya saita ta. Ta bar kasko ta yi ta kanta. Ya gyara, jirgin ya bi layin masu babura, suka kwanta a ƙasa su da baburan. Wani jaki da ke wucewa da kayan kara ya zubar da kayan ya nufi hanyar Sheme, mai shi na biye yana kiran sunansa. Kawu, wanda kullum ke kukan ciwon gwiwa, ya riga yara isa bakin fili.

Daga nan jirgin ya zaɓe ni. Na yi gabas ya yi gabas. Na ji ƙugin farfela a ƙeyata, na ga rami a gabana, na faɗa. Ramin masu yin tubali ne, sun kwaɓa ƙasa da safe sun bar ta ta jiƙu, ni kuwa farar shaddata ta Juma'a ce a jikina. Ina daga ciki na ji ƙarar saukarsa a kan wata rumfa da aka jibge harawa. Auta ya haye da gudu ya fizge batir ya jefa cikin yashi, don irin wannan batir in ya huje wuta yake kamawa, harawa kuwa ba ta jira. Mai harawar ya iso yana tambayar wa zai biya. Kowa ya nuna ramin tubali.

Da dare aka yi binciken haɗari. Auta ya farka cikin wutsiya, sai ga laya, ɗinkin fata, mai kauri, an cusa ta can ƙurya an toshe da tsumma. Aka kai kayan shaida wajen mai shago aka ɗora a sikeli: laya, allo, waya. Hukuncin Inna shi ne ba don layar ba da yanzu ana zaman makoki. Kawu ya ce allo ba ya kayar da jirgi, ga jiragen Makka nan duk da rubutu a wutsiya. Ni na riga na faɗi matsayina game da waya. Fuskarta ta tsage, amma bidiyon ya fita: sama, ƙasa, sama, jaki, sannan wani mutum cikin fararen kaya yana gudun da bai dace da shekarunsa ba. Auta ya ƙirga ya ce ya zarce daƙiƙa 12 na 'yan gidan Wright nesa ba kusa ba. Na ce su ai gaba suka yi.

Wani abu dai ya tsaya mini a rai bayan an gama dariya. A ƙasashen da wannan wasa ya kafu, ƙungiyoyi gare su da filayensu. Sabon shiga da jirgi mai fiffike ɗaya a sama yake farawa, wanda ke daidaita kansa, kuma ana haɗa rimot ɗinsa da na gwani, in ya rikice gwani ya karɓe. Wasu sai sun yi ta faɗuwa a kwamfuta kafin su taɓa na gaske. Auta ya fara da mafi wuya, shi kaɗai, da bidiyon waya, gaban rabin gari. Alhali Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama tana nan Zariya tun 1964, tafiyar da ba ta kai ta wuni ba daga ƙofar gidanmu. A Kaduna rundunar sojan sama ta ƙaddamar da jiragenta marasa matuƙa, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018. Shi ma Mubarak na Kano a lokacinsa ya koka cewa hukuma ba ta zo ta duba aikinsa ba. A ganina, rana ɗaya a shekara da irin waɗannan wurare za su buɗe ƙofa ga masu gyaran waya da rediyo na ƙauyuka, a nuna musu ma'auni a ba su fili, ba za ta fi ƙarfin kasafin kowa ba, kuma za ta ceci shaddodi da yawa.

Injin da rimot sun tsira. Auta ya fara sabon jirgi, mai fiffike ɗaya wannan karon, a shago yake ajiye shi kuma ya canza kwaɗo. Kawu ya ce yana nan a kan kujerarsa. Abin da ya rage soso ne. Mai karatu, in ka sayi sabon firij a Funtuwa ko Zariya, don Allah kada ka ƙona farin abin nan na cikin kwali; ba direban motar Sheme, ka ce a kai Ruwan Godiya wajen Injiniya.