Akwatin da ya fi mai shi baki

Duk wanda ya bi ta Zongo Lane, inda shagunan kayan lantarki suka yi layi a tsakiyar Accra, ya san ba a sayen sifika da ido. Mai shago zai jona wayarsa ta Bluetooth, ya murɗa har ƙarshe, ƙirjinka ya kama rawa tun kafin ka tambayi kuɗi. Ga JBL na asali, ga ƙaninsa da aka sauya wa harafi ɗaya, wasu har da tayoyi da mariƙi kamar jakar matafiyi.

Da sifika ta isa Nima ko Maamobi, ta zama ta unguwa. Gidan haya mai ɗaki 10, tsakar gida ɗaya: yaro ɗaya ya saya, kowa ya zama masoyin mawaƙi Shatta Wale dole, har da Hajiya mai waakye. Da can in dumsor ya ɗauke wuta, maƙwabta kan samu barci. Yanzu batir ya toshe wannan ƙofar rahama.

Abu uku ne ke iya rufe mata baki. Akwai ladan, akwai sarakunan ƙabilar Ga da ke hana kiɗa da hayaniya na wata guda kafin bikin Homowo, sai kuma kiran waya. Ana tsakiyar casu waƙa ta yanke, muryar mai bin bashi ta cika layi: "Maigida, cedi 200 ɗin nan fa?" A ranar, mai sifika da kansa ne ke rige-rigen rage murya, maƙwabta kuwa suna roƙon a ƙara.